ZAUREN IYALI: Iyayen Yaron Sun Yafe, To Saura Me?

 

Na yi maku alƙawari a fitowar da ta gabata cewa za mu ci gaba da maganar tarbiyyar 'ya'ya mata lokacin hutun makaranta. Ku yi mini afuwa, wani al'amari ya gifta wanda ya tsaya mini a rai, na ga ba zan iya wuce shi ba. Na san wata za ta ga kalmar birki ta ce, yau kuma Malama kanikanci ta koma? Ki yi haƙuri ki bi ni a hankali, za ki ga inda maganar ta shafe ki.

Wata ranar Asabar bayan mun tashi daga darasin fiƙihu a ajin matan aure, kowa ta watse sai wata baiwar Allah ta yi zamanta a bayan aji. Da na gama haɗa littattafaina sai ta matso, ta durƙusa, ta ce, "Malama, tambaya gare ni, amma ba ta cikin jama'a ba ce." Na ce ina jin ki. Ta daɗe tana murza gefen hijabinta kafin ta iya buɗe baki. Ashe maigidanta ne ya kaɗe wani yaro ɗan kimanin shekara bakwai a bakin wata kwana cikin unguwa, an aiki yaron sayen sikari, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ba gudu yake yi ba, waɗanda abin ya faru a gabansu ma sun shaida haka. Ya hango yaron, ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa motar ba ta tsaya ba, sai a taku na biyu ta kama, lokacin kuwa mai aukuwa ta auku. Iyayen yaron mutanen kirki ne, suka ce kwanansa ne ya ƙare, sun yafe duniya da lahira, ko sisi ba za su karɓa ba. Amma tun daga ranar mutumin nan ba ya barci, abinci ma sai ta yi da gaske yake taɓawa.

Ta ce, "Malama, tunda iyayen sun yafe, akwai sauran wani abu a kansa?" Kafin in ba ta amsa sai ta ƙara da wata murya ƙasa ƙasa, "Sati uku birkin nan yana yi masa haka, sai ya taka sau biyu yake kamawa. Ni ma na sani, don a motar yake kai ni unguwa. Na taɓa yi masa magana sau ɗaya ya ce sai an yi albashi, ban sake tada zancen ba."

Abin da na gaya mata shi ne abin da ke cikin aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, inda Allah (SWT) ya ɗora abu biyu a kan kisan kuskure. Akwai diyya, wadda haƙƙin iyalan mamaci ce, suna da ikon su yafe ta, kuma sun yafe. Akwai kuma kaffara, wadda haƙƙin Allah ce, yafewar iyaye ba ta sauke ta. Kaffarar ita ce 'yanta wuya mumini, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere, kuma ayar ba ta ambaci ciyarwa a madadinsa ba. Na ce mata maigidan ya je da kansa wurin malamin da ya aminta da iliminsa ya zayyana masa yadda abin ya faru, kada ya ɓoye maganar sati ukun nan, domin a kanta hukuncin ya rataya. Malaman wannan zamani sun yi magana a kan haɗarin mota. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta zauna a kan mas'alar a taronta na ƙasar Burunai a shekarar 1993, inda ta tabbatar cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da motarsa ta yi, sai fa idan abin ya zo ta hanyar da ya fi ƙarfinsa kuma babu yadda zai yi ya kauce masa. To mutumin da ya san birkinsa ba lafiya, ya ci gaba da hawa titi har sati uku, da wuya ya shiga sahun wanda abu ya fi ƙarfinsa.

Tambayarta ta biyu ita ce ta bi ni har gida. Ita dai ba ta da kaffara, don ba ita ke riƙe da sitiyari ba, na kuma gaya mata haka. Amma da na kwanta sai na tambayi kaina, ni nawa na sani game da motar da ake ɗaukar 'ya'yana a cikinta kullum safiya? Na san launinta, na san ranar da aka saye ta, na san kujerar da ta yage. Birkinta kuwa ban san komai a kai ba. Alhali hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA), wanda ni da bakina nake karantar da shi, ya nuna kowannenmu makiyayi ne da za a tambaye shi abin kiwonsa, har aka ware mace aka ambace ta a kan gidan mijinta da 'ya'yansa.

Ina da ƙane bakanike, shekararsa goma sha a gareji. Ran Juma'a da ya zo gaishe ni na zaunar da shi na ce yau kai ne malami. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ku mata kun fi mazan jin ƙarar mota, don su hankalinsu na kan hanya da waya, ku kuwa kuna zaune shiru. Matsalar dai ba ku san fassarar abin da kuke ji ba ne."

Ga yadda ya fahimtar da ni. Idan direba ya taka birki, ba ƙarfin ƙafarsa ne kai tsaye ke kama taya ba. Akwai wani ɗan famfo a gaban mota da kanikawa ke kira masta, shi ke tura man birki ta cikin wasu siraran bututu zuwa tayoyi huɗu. A can man zai matse takalman birki su damƙi wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, wannan gogayya ita ke tsayar da mota, kuma tana haifar da zafi mai tsanani. Sirrin abin duka shi ne ruwa ba ya matsuwa, in ka tura shi ta nan dole ya tura abin da ke can. Iska kuwa tana matsuwa. Saboda haka da zarar iska ta shiga bututun nan, ko man ya sami kafar yoyo, sai ƙafa ta riƙa nutsewa kamar an taka soso, sai an yi ta famfo kafin birki ya kama. Abin da ya sami mijin ɗalibata ke nan, kuma wannan ba alama ce ta a jira albashi ba, alama ce ta a ajiye makulli a ranar.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne man birki yana tsufa ko da mota na ajiye. Irin wanda yawancin motocinmu ke sha, wato mai lamba DOT 3 ko DOT 4, yana da ɗabi'ar zuƙar danshi daga iska, kamar yadda gishiri ke yi da damina. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin salshiyos, amma in ya sha ruwa ma'aunin da aka yarda da shi yana saukowa zuwa 140. DOT 4 kuma daga 230 zuwa 155. To idan aka daɗe ana taka birki a gangara, zafi ya taru, ruwan da ke cikin man sai ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma ɗan uwan iska ne, nan take ƙafa ta tafi ƙasa babu komai. Abin da ke ruɗin mutane, bayan motar ta huce sai birkin ya dawo garau kamar bai taɓa yin komai ba. Daga nan sai ki ji an fara cewa ai wurin nan akwai iskokai, ko an yi wa Alhaji jifa. Ba na musun samuwar aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su, amma zalunci ne a ɗora masu laifin man da ya shekara biyar ba a canza ba. Yawancin kamfanonin mota suna cewa a zubar da shi a sa sabo duk bayan kamar shekara biyu. Mu kuwa motocinmu 'yan Kwatano ne, sun gama yawo a Turai ko Amurka kafin su iso mu, babu wanda ya san ranar da aka yi masu canjin ƙarshe. Maigida ba ya wasa da juyen baƙin mai don yana tsoron injin ya buga, amma man birki sai dai a yi ta ƙari a kan tsoho.

Duba shi kuwa bai fi duba miya a tukunya wuya ba. Idan an buɗe bonet, ta ɓangaren direba can kusa da gilashi akwai wani ɗan kofin roba fari mai murfi, jikinsa da layi biyu, na sama da na ƙasa, kuma ana hango man ta waje ba sai an buɗe ba. Sabo yana da haske kamar tataccen man gyaɗa, tsoho yana komawa kamar baƙin shayi. Idan ya ɗan sauka a hankali cikin watanni, alama ce takalman suna cinyewa. Idan kuwa yau an cika, jibi ya sauka, to yoyo yake yi, ƙari ba magani ba ne. Ke da kike share tsakar gida ko kike sa yara su share, ke ce za ki fara ganin ɗigon mai a inda mota ta kwana, musamman ta cikin taya. Kada ki sa a zuba ƙasa a kai a wuce, ki nuna wa mai motar kafin ya fita.

Sai maganar ƙara. Takalmin birki sabo kaurinsa ya kai wajen milimita 10 zuwa 12, kuma idan ya sauko kusan 3 lokacin canji ya yi. Da yawansu an sa masu wani ɗan ƙarfe da gangan wanda zai fara taɓa faifai idan sun cinye, shi ne wannan siririn ƙara kamar kukan ɓera da kike ji idan an zo tsayawa. Wannan sallama ce motar ke yi. In aka ƙi amsawa sai ƙarar ta koma gurnani kamar ana niƙa a kan dutse, ma'ana naman takalmin ya ƙare, ƙarfe ke cin ƙarfe, kuma gyaran da zai tsaya a takalmi kaɗai yanzu ya haɗa da faifai, kuɗi ya ninka. Haka nan idan an taka birki mota ta riƙa karkata gefe guda, ko sitiyari ya riƙa rawa, ko aka ji ƙauri daga taya, ko jar fitila mai alamar motsin rai a cikin da'ira ta kama a allon gaban direba alhali an sauke birkin hannu, duk kira ne zuwa gareji. Na taɓa shiga motar wata ƙawata na ga an manna baƙin salatif a kan fitilar, wai tana damun direban da dare. Inna lillahi!

A garejin ma sai an buɗe ido. Ƙanena da kansa ya ce akwai abokan sana'arsu marasa tsoron Allah, akwai kuma masu mota da ke tilasta wa bakanike yin abin da ya san bai dace ba don neman sauƙi. Idan bututun wata taya na yoyo, maimakon a canza sai a toshe shi, mota ta koma tafiya da birkin taya uku, ranar da aka taka da ƙarfi sai ta juya. Wasu in man ya ƙare a hanya har ruwan sabulu suke zubawa. Wani kuma ya zuba baƙin mai ko man giya, wanda ke kumbura robobin ciki ya lalata su gaba ɗaya. Ga jabun takalma da suka cika kasuwa, kwali mai kyau, kaya na banza. Shawararsa ita ce a sayi man da aka rubuta lambarsa a kan murfin kofin, a cikin gwangwani rufaffe, kada a karɓi na tsiyaye ko ragowar wanda aka buɗe tun bara. Takalma kuma a canza na dama da na hagu tare, ba ɗaya ba. Kuma mai mota ya ce a nuna masa tsofaffin da aka cire.

Akwai wata ɗabi'a da ta ƙara yawa tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023, wato direba ya sa mota a firi idan an zo gangara, wani ma har ya kashe injin, wai tattali. Wannan ganganci ne da rayukan mutane. A yawancin motoci injin ne ke taimaka wa ƙafa wajen matsa birki, in aka kashe shi taku ɗaya ko biyu ne ya rage, daga nan birkin ya ƙage kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi. Duk wadda ta taɓa bin Hawan Kibo a Jihar Filato ta san irin gangarar da nake nufi, ta kuma ga gawarwakin motoci a gefen hanya. Ƙa'idar irin wannan wuri ita ce a sauko da giya ƙasa, injin ya riƙe motar, a riƙa taka birki ana saki don ya sha iska. Kuma ki tuna duk buhun masara da kika matsa a ɗora a but idan an je ganin gida, da yaran maƙwabta da aka cusa, nauyi ne da birkin nan zai tsayar.

Gudu ma haka. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, mai tafiyar 100 kuma kusan mita 28, tun kafin direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkawa yake sau huɗu. Shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari. Wannan lissafi fa na birki mai lafiya ne da taya mai lafiya.

Ga 'yan uwa masu tuƙi da kansu, waɗanda yanzu alhamdu lillahi suna da yawa, idan Allah ya jarrabce ki birki ya shanye kina tafe, kada ki kashe mota, kada ki zare makulli don sitiyari na iya kullewa. Ɗaga ƙafa daga totur, ki yi ta famfon birkin da sauri, ki riƙa sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, sannan ki ja birkin hannu a hankali ba fizga ba, kina danna hon. Ambaton Allah na bakinki, hannu da ƙafa na aiki.

Na san inda gizo ke saƙar. Za ki ce, Malama, duk na ji, amma mota tasa ce, kuɗi nasa ne, kuma maza ba sa son mace ta sa masu baki a harkar mota. Gaskiya ne. Wani da kin yi magana zai ce bakinki ya sari ɗanyen kashi, kina yi masa fatan tsiya. Wani ya ce ai ya yi addu'ar hawa abin hawa, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Addu'ar hawa sunna ce, kada a bar ta. Amma wanda ya koyar da ita, Sallallahu alaihi wa sallam, shi ne wanda wani mutum ya tambaye shi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai ya umarce shi da ya haɗa biyun, ɗauri da dogaro, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito daga Anas (RA). Sayyidina Umar (RA) kuma da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Babu wanda zai ce ya fi Umar tawakkali don ya hau titi da birkin da ya san ya lalace.

Sai dai yadda za ki faɗa shi ne rabin aikin. Ba a gaban yara ba, ba a gaban baƙi ba, ba kuma lokacin da yake tuƙi ransa a ɓace ba. Ni dai da na lura tamu motar ta fara wannan kukan ɓeran, sai da na bari Malam ya ci abinci ya huta, na ce, "Malam, wata alfarma nake nema. Atamfar da ka ce za ka yi mini ta bikin nan na yafe, a kai mota a duba birki da kuɗin." Ya dube ni ya ce, "Yaushe kika zama bakaniya?" Na ba shi labarin yaron da aka aika sayen sikari, ban faɗi ko mijin wace ce ba. Bai ce komai ba. Washegari a adaidaita sahu ya kai yara makaranta, da yamma ya dawo da tsofaffin takalma a leda ya ajiye mini a gabana. Ɗaya daga ciki saura kamar kaurin farce. Atamfar ma daga baya ya yi, amma ko da bai yi ba ban yi asara ba. Mu mata mun iya adashi don anko da gudummawar biki, mun iya matsa wa maigida lamba har sai ya canza kujerun ɗaki. In da za mu karkatar da kashi ɗaya cikin goma na wannan naci zuwa ga abin da ke tsayar da motar da 'ya'yanmu ke ciki, da an ga bambanci. Kuma idan an yi magana an ƙi ji, kina da damar ki nemi uzuri cikin ladabi ki ce ke da yara za ku bi motar haya har a gyara, ko ki kai maganar ga wanda yake jin nauyinsa, mahaifiyarsa ko babban wansa.

Ɗalibar tawa ta dawo aji bayan mako biyu. Ta ce maigidan ya je wurin malami, ya faɗi gaskiya, kuma ya fara azumin, ita ke tashi ta haɗa masa sahur. Motar tana nan a ƙofar gida an rufe ta da tamfol, an gyara birkin da kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, amma har yanzu ya kasa shiga cikinta. Ta roƙe ni in sa shi a addu'a, ni ma ina roƙon ku da ku sa shi, da iyayen yaron.

Maganar hutun 'yan mata tana nan tafe a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.